Sallamar Yaya Kafin Biza

Takalma na fara gani da na shigo gida daga makaranta ranar nan. Sun cika bakin ƙofar ɗakin Kaka har sun gangaro kusa da famfo: silifas na roba, da masu duwatsu irin na zuwa suna, da wani baƙin takalmin maza da aka take dunduniyarsa, wanda na san na limamin masallacin layinmu ne. Ba a yi mana haihuwa ba, ba a yi mana rasuwa ba. Gidan kuma ya ɗauki ƙamshin shito, yajin barkono da mai, irin wanda ake soyawa da yawa a zuba a kwalba, mai sa mutum tari tun daga zaure.

Na tsaya da jakata a baya ina neman inda zan taka. Ni ba mai shiga taro ba ce. A gida Auta ake ce mini, a makaranta kuma malamai sukan ce in ɗaga murya ko da gaisuwa nake yi. Sai na raɓa ta jikin bango na leƙa ta gefen labule.

Yaya ce a tsakiyar tabarma, an lulluɓa mata farin mayafin Kaka, liman yana addu'a, mata suna amsawa. Kanta a sunkuye yake, amma na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi da sauri. Haka take yi idan tana da magana a baki kuma babu halin faɗa.

Yaya ita ce babba a gidanmu, ni ce ƙarama, babu kowa tsakaninmu. Ta gama jami'a, ta gama shekarar bautar ƙasa, wata makaranta a unguwar Aboabo kuma ta yi mata alkawarin aikin koyarwa idan sabuwar shekarar karatu ta kama. Kafin nan ne Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Holand, ta ce ta zo ta huta wata uku. Yaya tana son ta shiga jirgin ƙasa mai gudu, ta ga garin da ruwa ke bi ta tsakiyar tituna, ta yi barci ba wanda zai tashe ta da maganar jarrabawa. Wata uku, ta dawo. Haka take faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Abin da ya rage shi ne biza. An ba ta rana ta kai fasfonta Akra, wadda Kaka da duk tsofaffin Zango ke kira Ankara. Ina zaune ina tsince shinkafa ranar da ta yi wa Kaka bayani.

"Kaka, ba tafiyar ba ce tukuna. Fasfo kawai zan kai musu su duba, su ce e ko a'a."

"Da fasfon za ki?"

"Da shi."

"Ankara?"

"Ankara."

"To ai shi ke nan. Mai digiri, ni ma na hau jirgi tun ba a haife ki ba."

Duk wanda Kaka ta sani da ya riƙe fasfo ya nufi Ankara, jirgi ya hau. Haka ta yi shekarar da ta je Makka, haka ƙawayenta suka yi. Sai an sauke farali ake sake ganin mutum. Kuma a wurinta, jika ba ta fita ƙasar waje ba tare da an yi mata sallama ba. Mama tana kasuwa a Race Course wajen albasarta, Baba yana kan hanyar Nijar da babbar mota, kafin wani ya ankara Kaka ta aika gida-gida. Wa zai tashi a gaban liman ya ce tsohuwa ta yi kuskure?

Da aka shafa Fatiha liman ya fita, sai Kaka ta miƙa wa Yaya hannu.

"Kawo makullin."

A layinmu wanda zai tafi Turai yakan raba kayansa. Ban taɓa jin an faɗi dalili ba, amma kowa ya sani. Kawu, ƙanen Mama, ya tafi ziyarar wata shida ina goye, aka ba yaron shagonsa keken ɗinkinsa. Ni muryarsa kawai na sani a waya, wadda ke ce mini na girma alhali bai taɓa ganina a tsaye ba. Ɗan Hajiya maƙwabciyarmu ya tafi kallon ƙwallo, samarin layi sukan ce har yau ba a tashi wasan ba. Shi ya sa idan Yaya ta ce wata uku, mata sukan yi murmushi su ce Allah ya sa, irin murmushin da ake yi wa yaro idan ya ce zai zama matuƙin jirgi.

Makullin na kabad ɗin ɗakinmu ne. Baba ne ya sa aka yi wa Yaya shi shekarar da ta shiga jami'a, kuma ya tafi da ni Anloga, unguwar kafintoci, ranar da za a ɗauko. Ina tuna garin katako yana shiga tsakanin yatsun ƙafata da ɗumi, da ƙarar injin yanka da ta sa na ɓuya bayan rigar Baba. Kafintan ya ɗauko wani ɗan guntun katako mai santsi ya ba ni, ya ce da yaren Twi in riƙe, nawa kabad ɗin ke nan. Aka ɗora babban a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka biyo shi a tasi, Baba yana ta leƙe ta taga kada madubin ya fashe. Ƙofa biyu gare shi da durowa ɗaya a ƙasa. Yaya ta ba ni durowar. Idan ta dawo hutu ta buɗe ƙofofin, ɗakin yakan yi ƙamshin katako da turarenta, ni kuma in zauna a ƙasa kamar ina neman wani abu a durowata.

Yaya ta dubi Mama, wadda ta shigo daga kasuwa a tsakiyar addu'a. Mama ta dubi ƙasa. Sai Yaya ta ciro makullin da koren zarensa ta sa a hannun Kaka.

Ba wawaso aka yi ba, cikin ladabi aka yi komai. Wannan ta ce, "Malama, mayafin nan ruwan goro ai ba zai tare miki sanyin can ba." Waccan ta gwada takalmi ta ce kamar don ita aka yi. Na tsaya bayan ƙofa ina kallon mayafin yana fita, da jakar hannu mai zif ɗin da ke cijewa, da doguwar rigar da Yaya ta sa ranar yaye su. Da suka watse, maratayan kaya na waya suka rage suna bugun juna idan an taɓa ƙofar.

Hajiya ce ta ƙarshe. Ta zo da kwalaben shito naɗe a leda, ta ce a kai wa ɗanta.

"Hajiya, ai shi yana Italiya. Ni Holand zan je."

"Ba duk Turai ba ce?"

"Turai ce, amma da nisa."

"Babu mota tsakaninsu? Ke dai ki riƙe. In kin gan shi ki ce uwarsa ta ce ya ci, ya kuma kira."

Washegari Yaya ta tafi Akra da 'yar jaka. Kashegarin wannan, gab da magariba, ina wanke kwanoni a tsakar gida, sai na ji pragya, babur mai ƙafa uku na haya, ta tsaya daf da ƙofarmu, ba a bakin titi inda suka saba tsayawa ba. Yaya ta shigo da sauri, mayafi har kan hanci. Kaka tana kan buzu da carbi. Ta daɗe tana kallonta.

"Ina jirgin?"

"Babu jirgi, Kaka. Sun karɓi fasfon, sun ɗauki hoton yatsuna, sun ce in koma gida in jira."

"Har yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

"Mutum ya karɓi fasfonki ya ce ki tafi, ke kuma kika taho? Wannan ne karatun?"

Yaya ta fashe da dariya, Mama ta rufe mata baki da tafin hannu. Kaka kuwa ba dariya take yi ba. Liman ya yi addu'a, mata sun yi kuka, an ba da saƙo. Idan aka ga Yaya gobe tana sayen koko, za a ce Turawa sun koro ta, kuma bakin mutane zai iya lalata abin da bai riga ya nuna ba. Ta yanke hukunci a nan take: Yaya ta riga ta tafi. Za ta zauna a ɗakinmu, labule a sake, har fasfo ya dawo.

Yanzu da nake wannan rubutu, wata ukun Yaya bai cika ba, kuma makonnin nan na zaman ɗaki su ne abin da na fi tunawa. Tun ina firamare Yaya ke makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan bautar ƙasa a wani ƙauye. Idan ta zo hutu ƙawaye ne ke cika ɗakin. Ban taɓa samunta ni kaɗai ba sai da Kaka ta ɓoye ta.

Ana tashi daga makaranta nake kamo hanya, ba na tsayawa ko wajen mai soyayyar doya. In tura ƙofa in same ta kwance rub da ciki, ƙafafu a sama, tana cin ƙuli-ƙulin da aka ba ta na guzuri. Damina ce, ruwa yakan sauko bayan la'asar ya riƙa dukan kwano, lokacin ne kawai take iya yin dariya da ƙarfi. Ta yi mini kitso ta tsefe ta sake, don ba ta da abin yi. Ta koya mini lissafin kusurwa da tsinken tsintsiya a kan siminti. Ta ba ni labarin wata malamarsu da ke cire takalmi idan darasi ya yi daɗi. Ni kuma nakan kawo mata labarin layi: wa ya sa mayafinta ya je suna, wa ya yi faɗa a famfo. A wajenta na gano ina iya ba da labari har mutum ya riƙe ciki.

Da safe ni ke zuwa sayen koko da ƙosai. Mai kokon, wata 'yar arewacin ƙasar nan da ke ce wa kowa "kai", ta dubi kwanon da na miƙa.

"Auta, kai kaɗai za ka sha wannan duka? Tun da boga ya tafi cikinka ya buɗe."

Boga ake ce wa wanda ya je Turai. Na sunkuyar da kai na karɓi kwanon. Ban iya ƙarya ba, amma shiruna kowa ya saba da shi, ba wanda ya yi mamaki.

Hajiya ce ta fi ba ni wuya. Kullum tana zaune a kan benci a ƙofar gidanta, kuma dole ta gabanta zan wuce.

"Auta, ta isa?"

"Ina wuni, Hajiya."

"Ta ga ɗan nawa?"

Sai in ƙara sauri.

Wata rana ina kallon hotunan garin Goggo a wayar Yaya, gidaje sirara masu tsayi a bakin ruwa da kekuna jingine ko'ina, na tambaye ta me Turawan ke dubawa har ya ɗauki wannan lokaci.

"So suke su tabbata zan dawo," in ji ta. "Shi ke nan abin da ke damunsu. Chale, 'yar'uwa, da za su ga abin da Kaka ta yi da kabad ɗina, da tuni sun jefo mini fasfon ta taga."

"To me kika nuna musu?"

"Wasiƙar makarantar da za ta ɗauke ni aiki. Da tikitin dawowa."

Na ji Mama ta taɓa cewa Kawu ma da tikitin dawowarsa ya tafi. Na ci gaba da tura hotunan da yatsa. Tun daga ranar na lura da wani abu: duk lokacin da wayar ta yi ƙara, Yaya takan zabura ta duba ko saƙon biza ne, ni kuma nakan bar abin da nake yi in zuba mata ido har sai ta ajiye ta da tsaki. Ina so a ba ta, domin na ga yadda idonta ke yi idan tana maganar jirgin ƙasan nan. Amma ina kallon kabad ɗin da aka kwashe kayansa, ina tuna muryar Kawu.

Asirin ya tonu ne wata Asabar da hantsi. Mama tana kasuwa, Yaya ta gaji da ɗaki ta lallaɓa kicin tana soya mana ƙwai da albasa. Sai ga sallamar Hajiya a tsakar gida. Yaya ta maƙale bayan ƙofar kicin da cokali a hannu. Hajiya ta gaida Kaka, ta jawo kujera ta zauna, ta gyara zaninta, sannan ta juya fuskarta wajen kicin.

"Mutanen Turai, akwaaba, sannu da zuwa. Ya sanyi?"

Ƙwan ya fara ƙonewa.

"Ki sauke kaskon nan, 'yar nan. Tun makon farko na sani. Wa ke soya albasa har ta yi baƙi a gidan nan in ba ke ba? Ga silifas ɗinki kullum a ƙofar ɗaki, Auta kuma ƙafarta ba ta kai nan ba."

Na dubi silifas ɗin. Kullum ina ganinsu, ban taɓa tunanin wani ma yana gani ba.

Kaka ta gyara murya za ta yi bayani, Hajiya ta ɗaga mata hannu. "A'a, ni ban zo jin komai ba. Shitona na zo karɓa kafin ya lalace. In Allah ya kawo tafiyar sai in soya sabo." Ta karɓi kwalabenta, ta tsaya a zaure ta ƙara da cewa, "Ni dai ban ga kowa ba."

Daga ranar duk layi ya sani, kuma duk layi bai ga kowa ba. Mai koko ta riƙa ƙara mini ludayi ba tare da ta ce komai ba. Samari idan za su wuce ta tagarmu sukan ɗaga murya su ce, "Auta, a gaida boga in ta yi waya!" Yaya ta cusa fuska a matashi tana dariya. Wadda ta ɗauki mayafin ruwan goro ta aiko da tuwo a kwano biyu, ta ce ɗaya nawa ne, ɗayan ma nawa ne. Kaka ta ci gaba da sakin labule kamar yadda ta fara, ba wanda ya ce mata ta daina.

Saƙon ya zo wata rana ina cire safa. Yaya ba ta yi tsaki ba, shi ya sa na ɗago. Bayan kwana kaɗan fasfon ya iso a cikin ambulan mai kauri. Muka taru a ɗakin Kaka aka buɗe. Wata 'yar takarda ce manne a shafi guda, mai ruwan kore da ja-ja, ga hoton Yaya a gefe ya yi fari kamar an wanke shi. Kaka ta sa tabarau ta shafa ta da yatsa.

"Wannan 'yar abar ce ta zaunar da mu?"

"Ita ce, Kaka."

"To alhamdu lillahi. Amma ba za a sake tara mutane ba. Addu'ar liman ba ta tsufa."

Mama ta yi ta hamdala tana share ido da bakin mayafi. Ni ma na ce alhamdu lillahi, a hankali, yadda nake faɗin komai.

Ranar tafiya aka tashi da yayyafi. Baba ya dawo daga hanya, shi zai raka ta Akra, yana tsakar gida yana ɗaure akwati da igiya duk da akwatin yana da zif. Sabon shiton Hajiya yana ciki, naɗe da tsohon zani. Ba taro, ba takalma a ƙofa, sai silifas ɗin Yaya. Ni ina shirin makaranta, na sa rigata ina neman safa ɗaya, sai Yaya ta kira ni.

Tana tsaye gaban kabad, ƙofofin a buɗe. Abin da ya rage a ciki ba shi da yawa: littattafanta na jami'a, shuɗiyar rigar da ba ta yi wa kowa daidai ba, da baƙin takalmi mai faɗi da ta saya don tsayuwar aji, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin gado ranar rabo. Ƙamshin katakon yana nan.

Ta kamo hannuna ta sa mini makullin da Kaka ta mayar mata bayan rabo, koren zaren ya kwanta a tafina.

"Naki ne yanzu. Ki fito da kayanki daga durowar nan, kin yi girma da tsugunno. Littattafan ki tura su gefe, rigar kuma nan da baɗi za ta yi miki."

Haka aka ba yaron shago keken Kawu. Na san da zuciya ɗaya ta ba ni, ba ta yi wannan tunanin ba. Baba ya kira daga waje cewa pragya ta iso, Kaka tana cewa a fita da ƙafar dama. Sai na tura ƙofofin kabad ɗin da kaina, maratayan suka yi ƙara a ciki, na mayar mata da makullin cikin hannunta na danne yatsunta a kai.

"Yaya, durowata ta ishe ni," na ce. "Don Allah ki kulle shi da kayanki a ciki, ki tafi da makullin."